Yadda Ake Gane Sahihancin Makarantun Koyon Aikin Likita na Ƙasashen Waje Waɗanda Ba a Tantance Su Ba

Gabatarwa

A kowace shekara ɗimbin samari da 'yan mata kan gama makarantar sakandare da burin zama likitoci, amma guraben da jami'o'in ƙasashensu suke da su ba sa isar kowa. Wannan matsala ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Ana fama da ita a Amurka da Indiya da Pakistan, haka nan kuma a Nijeriya. Wanda bai sami gurbi a gida ba, in iyayensa suna da hali, ko kuwa gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa, sai ya nufi wata ƙasa. A can kuwa akwai makarantu nagari waɗanda suka daɗe suna yaye ƙwararrun likitoci, akwai kuma waɗanda ba su da kome sai allon suna da ofishin karɓar kuɗi. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani rukuni mai faɗi wanda ya fi rikitarwa, watau makarantun da suke da gini da malamai da ɗalibai, amma babu wata hukuma mai zaman kanta da ta taɓa zuwa ta duba aikinsu ta ba da shaida.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda mutum zai auna irin waɗannan makarantu kafin ya ba da shekarunsa da dukiyar iyayensa. Abin da ake son nunawa shi ne, sahihancin makarantar likita yana rataye ne a kan tambaya guda: wane ne ya ga yadda ake koyarwa a gaban gadon majiyyaci, wanda kuma yake da ikon rufe makarantar in ya tarar da ɓarna?

Asalin Al'amarin

Tunanin a binciki likita kafin a sakar masa marasa lafiya tsoho ne ƙwarai. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar 931 Miladiyya wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai yi masa magani. Sai Halifa Muƙtadir ya yi umurni kada wanda ya ƙara yin aikin likita a birnin sai Sinan bin Sabit, babban likitan fada, ya jarraba shi ya ba shi izini. An ce waɗanda aka jarraba sun kai wajen 860. A nan mutum ɗaya ɗaya ake jarrabawa. Binciken ita kanta makarantar da ta yaye shi ya zo ne daga baya.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Abraham Flexner, wani malamin makaranta Ba'amurke wanda shi kansa ba likita ba ne. Gidauniyar Carnegie ta aike shi ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada, ya fitar da rahotonsa a shekarar 1910. Abubuwa 5 ya riƙa dubawa a kowace makaranta: sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, da yawan malamai da zurfin ilminsu, da hanyar samun kuɗin makarantar, da ɗakunan gwaje-gwaje, sa'an nan da asibitin da ɗalibai suke koyon aiki a ciki. Ya ba da labarin wata makaranta inda ya tarar da ƙofofi a kulle, an rubuta wa kowace sunan wani fanni na ilmin likita. Da ya lallaɓa ya sa mai gadi ya buɗe masa su, babu abin da ya gani a ciki sai kujeru da allo. Bayan fitar rahoton an rufe makarantu da yawa, wasu kuma aka haɗe su da jami'o'i. Sai dai gyaran bai tafi ba tare da ɓarna ba, domin daga cikin makarantu 7 da suke koyar da baƙaƙen fata, biyu kaɗai suka tsira, watau Howard da Meharry. Duk da haka, abubuwan nan 5 da ya duba har yau su ne ginshiƙin kowane bincike na makarantar likita.

Matakai Huɗu da Ake Yawan Cakuɗawa

Mafi yawan ruɗin da iyaye da ɗalibai suke faɗawa yana zuwa ne daga ɗaukar abubuwa huɗu daban-daban tamkar abu guda. Ya kamata mai karatu ya rarrabe su.

Na farko shi ne izinin kafuwa. Wannan takarda ce da gwamnati take bayarwa cewa ta yarda a buɗe makaranta a ƙasarta. Ba ta nuna an duba koyarwa, domin sau da yawa ana ba da ita tun kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Wata ƙaramar ƙasa takan ba da ita ne kurum saboda kuɗin da baƙin ɗalibai za su kashe wajen hayar gida da cefane.

Na biyu shi ne shiga kundi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara buga kundin sunayen makarantun likita a 1953, ta fitar da bugu na ƙarshe a 2000. Abin da gwamnatoci suka aiko mata shi take rubutawa, ba ta aika kowa ya duba. Tun daga 2014 Tarayyar Ilmin Likitanci ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da WFME, ita da wata gidauniya mai suna FAIMER suke riƙe da kundin, wanda yake ɗauke da makarantu fiye da 3,000. Masu kundin da kansu sun bayyana cewa shigar suna a ciki ba shaidar inganci ba ce. Saboda haka duk dillalin da ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da makarantarsa, ko dai bai san abin da yake faɗi ba, ko kuwa yaudara ya nufa, domin wannan hukuma ba ta tantance makarantu.

Na uku shi ne tantancewa, wanda shi ne zuciyar maganarmu. A nan makaranta takan rubuta rahoto a kan kanta, sa'an nan wata hukuma ta turo tawagar likitoci da malamai daga waje. Su za su shiga azuzuwa da ɗakunan gwaji, su zagaya asibiti, su gana da ɗalibai ba tare da shugabanni suna wurin ba, su duba takardun jarrabawa da na kuɗi. Daga nan sai a yanke hukunci: a amince na wasu shekaru, ko a amince bisa sharaɗi, ko a hana. In wa'adin ya cika sai a sake dawowa.

Na huɗu shi ne lasin aiki, wanda ake ba shi mutumin da ya gama karatu, kuma ƙasar da zai yi aiki a cikinta ita take bayarwa. Ana iya samun makaranta tana da mataki na farko da na biyu, amma ɗalibinta ya rasa na huɗu saboda babu na uku.

Ire-iren Makarantun da Ba a Tantance Ba

Ba adalci ba ne a yi wa dukan makarantun da ba su da shaidar tantancewa kuɗin goro. In aka duba tarihi za a ga sun kasu kashi-kashi.

Akwai makarantar da take koyarwa da gaske amma ba a ɗauki takardarta a waje ba. Makarantar likita ta Yaba, wadda aka buɗe a Legas a 1930, misali ce a kusa da mu. Waɗanda ta yaye sun yi aiki tuƙuru a asibitocin ƙasar nan, amma takardarsu ba ta tsallake iyakar Nijeriya ba, kuma an ajiye su a matsayi da albashi ƙasa da na wanda ya yi karatu a Ingila. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 sai aka bi wata hanya daban. An jingina ta da Jami'ar Landan, kuma da aka ga asibitin da ke garin bai cika sharuɗɗa ba, sai aka riƙa tura ɗalibai asibitocin Ingila su ƙarasa shekarun koyon aiki. Sai da aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957 kafin aka fara kammala karatun a gida. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka kafa kwalejin sun gwammace su jira wajen shekara 9 a kan su yaye likitan da bai ga isassun majiyyata ba.

Akwai kuma makarantun kasuwanci na tsibiran Karibiyan, waɗanda aka kafa domin Amurkawan da suka rasa gurbi a gida. An kafa ta St. George's a Giranada a 1976, sai ta Ross a Dominika a 1978. Tsarinsu shi ne ɗalibi ya yi wajen shekara biyu a tsibirin yana karatun aji, sa'an nan a tura shi wani asibiti a Amurka ko Ingila. A 1980 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ziyarci makarantu 6 na ƙasashen waje da Amurkawa suke zuwa, babban naƙasun da ya tarar kuwa shi ne rashin isasshen wurin koyon aiki a kan marasa lafiya. Daga baya wasu daga cikin makarantun tsibiran sun gyara, an tantance su, sun yaye dubban likitoci masu lasin. A 2003 ƙasashen yankin suka kafa hukumar tantancewa tasu. Wannan ya nuna cewa makaranta tana iya fara rayuwarta a raunane ta ƙarfafa daga baya, amma ɗaliban farko su ne suke ɗaukar kasadar.

Kashi na uku su ne masu fakewa da sunan wata ƙasa. A garin Luton na Ingila an taɓa samun wata makaranta mai suna St. Christopher wadda take koyarwa a can, alhali izininta da sunanta a kundi na ƙasar Senegal ne. Hukumomin Ingila ba su duba ta domin ba tasu ba ce, na Senegal kuwa suna nesa. Bayan binciken da gidan rediyon BBC ya yi a 2005, Majalisar Likitocin Birtaniya ta dakatar da karɓar takardunta. Ɗaliban da suka biya kuɗi mai yawa su suka kwana ciki.

Kashi na huɗu shi ne zamba tsagwaronta. A farkon shekarun 1980 jami'an gidan waya na Amurka suka kama wani dillali mai suna Pedro de Mesones yana saya wa mutane digirin likita daga makarantun Jamhuriyar Dominikan, ba tare da sun zauna a aji ba. An ɗaure shi, a 1984 kuma gwamnatin ƙasar ta rufe makarantun CETEC da CIFAS. Har ɗaliban da suka yi karatu na gaskiya a wurin sai da abin ya shafa musu kashin kaji. Irin wannan ba ta tsaya a can ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Binin da Togo. Digirinsa ba na likita ba ne, amma dillalan da hanyoyinsu iri ɗaya ne.

Tambayoyin da Ya Kamata a Yi

Tambaya ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce: shin ƙasar da makarantar take a cikinta tana yarda wanda ya gama ta ya duba 'yan ƙasar? In gwamnati ta ba makaranta izini amma ba ta yarda ɗalibanta su taɓa talakawanta ba, to ta riga ta faɗi ra'ayinta a kanta. Indiya, wadda 'ya'yanta da yawa suke karatu a Rasha da Sin da ƙasashen tsakiyar Asiya, ta mai da wannan doka a 2021. Ta sharɗanta karatun ya kai wata 54, a ƙara da wata 12 na koyon aiki a makarantar da aka yi karatun, kuma ya zamana ɗalibin ya cancanci samun lasin a ƙasar da ta ba shi digiri.

Ta biyu: wace hukuma ce ta tantance makarantar, ita kuma wa ya tantance ta? Masu makarantun bogi sun daɗe da gano cewa ana iya ƙirƙiro hukumar tantancewa mai suna mai daɗin ji, ta ba su shaida. Domin toshe wannan kafa ne WFME ta shiga aikin duba hukumomin su kansu. Ba ta tantance makaranta ɗaya ɗaya. Hukumar ƙasa ko ta yanki take bincika, in ta gamsu ta amince da ita na shekara 10, kuma hukumar yankin Karibiyan ita ta fara samun wannan amincewa a 2012. Abin ya yi kama da salsalar malamanmu na zaure: ba a tsayawa kan cewa wane ya ba shi ijaza, sai an tambayi shi wanen daga hannun wa ya karɓa. Hukumar ECFMG, wadda take ba likitocin waje izinin shiga horo a Amurka, ta sanar a 2010 cewa nan gaba ba za ta karɓi kowa ba sai wanda ya fito daga makarantar da irin wannan hukuma ta tantance. Daga baya ta sassauta, tun daga 2024 abin da take yi shi ne bayyana matsayin makarantar a takardun mai nema, masu ɗaukar aiki su gani su yanke hukunci. Ko da haka, sanarwar ta sa ƙasashe da dama sun tashi tsaye sun gyara hukumominsu.

Ta uku: ina asibitin? Aikin likita sana'a ce ta hannu da ido da kunne, ba a koyonta daga littafi kaɗai. Sai a nemi sunan asibitin, da yawan gadajensa, da ko mallakar makarantar ne ko haya take yi, da yawan ɗaliban da suke bin likita ɗaya zagayen ɗaki. A tabbata akwai sashen tiyata da na haihuwa da na yara da na cututtukan ciki da na taɓin hankali. In aka ce wa ɗalibi shi zai nemo wa kansa asibitin da zai yi koyon aiki, wannan babbar alamar haɗari ce. A nan ne kuma maganar harshe take shigowa. Ana iya ba da lacca da Ingilishi, amma tsohuwar da ke kwance a gado da harshen garinsu za ta faɗi inda yake mata ciwo. Ɗalibin da bai iya wannan harshe ba ɗan kallo ne, ko da ya shekara 3 yana zagaya ɗakin majiyyata.

Ta huɗu: wa suke ɗauka? Makarantar da ba ta mayar da kowa, wadda take aiko da takardar shiga cikin kwana biyu ba tare da duba sakamakon kimiyya ba, kuɗi take nema. Haka nan wadda take yi wa mutum alkawarin rage masa shekaru saboda ya taɓa aikin jinya ko haɗa magani. Majalisar Likitocin Birtaniya ba ta karɓar digirin da karatunsa bai kai awa 5,500 ba, tana kuma wallafa sunayen makarantun da ba ta yarda da takardunsu ba. Duba wannan jeri ba ya cin kuɗi, ko da mutum ba shi da niyyar aiki a Ingila.

Ta biyar: mene ne sakamakon waɗanda suka riga suka gama? A nan sai an yi hattara da lissafi. Makaranta tana iya cewa kusan dukan ɗalibanta suna cin jarrabawar lasin, alhali ta kori rabinsu kafin ranar jarrabawa, ko ta hana masu rauni zama. Tambayar da ta dace ita ce: mutum nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka fita da digiri, nawa kuma suke aiki da lasin a yau? Makarantar kirki ba ta jin nauyin wannan tambaya. Gana wa da tsofaffin ɗalibai biyu ko uku waɗanda ba dillali ne ya zaɓo su ba ya fi karanta takardun talla ɗari.

Ta shida: me hukumar gida ta ce? A Nijeriya Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ita take da rajista. Wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawarta, ya sami rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Sai a rubuta mata tun kafin a biya ko kwabo, a nemi amsa a rubuce, a adana. Maganar baka ta dillali ba ta da amfani ranar da aka dawo da digiri bayan shekara 6.

Akwai wani abu kuma da yaƙe-yaƙen shekarun nan suka koya mana. Da yaƙi ya ɓarke a Yukuren a 2022 makarantu suka koma koyarwa ta intanet, majalisar likitocin Nijeriya kuwa ta ba da sanarwa cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta wannan hanya ba. A watan Afrilu na 2023 kuma faɗa ya tashi a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu, waɗanda da yawansu 'yan jihohin arewa ne masu karatun likita. A irin wannan hali ɗalibin makarantar da aka tantance yana da abin nunawa in ya nemi wata jami'a ta karɓe shi ya ƙarasa, domin an san ma'aunin da aka auna karatunsa da shi. Na makarantar da ba wanda ya taɓa dubawa kuwa, sau da yawa sai dai ya koma aji ɗaya. Saboda haka yana da kyau kowane ɗalibi ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa rashin tantancewa ba kullum yake nufin zamba ba. Makaranta tana iya zama sabuwa, ko kuwa ƙasarta ba ta kafa hukumar da za ta duba ta ba tukuna. Amma ko a wannan hali, abin da rashin yake nufi shi ne babu shaida sai ta mai kayan, kuma ɗalibin da ya shiga ya yi cinikin biri a sama. In makarantar sabuwa ce mai gaskiya, za ta iya nuna takardar da ta nemi a zo a duba ta, da sunan hukumar, da ranar da ake sa ran zuwan tawagar. Wadda ta shekara 10 tana cewa ana nan ana shiri, ta riga ta ba da amsa.

Hasarar da ke cikin wannan al'amari kashi biyu ce. Ta farko ta iyali ce, waɗanda wataƙila sun sayar da gona ko gida, yaro ya dawo da takardar da ba za ta ba shi izinin rubuta ko maganin zazzaɓi ba. Ta biyu ta fi muni, ita ce in ya sulale ya sami aiki a wani asibitin ƙauye inda babu babban likita a kansa, mai naƙuda ta zo hannunsa da tsakar dare alhali bai taɓa karɓar haihuwa ba. Domin kare irin wannan mata ne aka jarraba likitocin Bagadaza, domin ita ne kuma ake tantance makarantu a yau. Mu ɗalibai da malamanmu, waɗanda ƙanne da maƙwabta kan zo wurinmu neman shawara saboda muna jami'a, wajibinmu ne mu san waɗannan tambayoyi, mu kuma fassara su ga iyayen da ba su karanta Turancin takardun talla. Allah ya sa mu dace.